Yadda ake zagayen kufai da rubuta bayanan kayan tarihi, tun kafin a taɓa ƙasa

Satin da ya wuce wani maƙwabcinmu a Tudun Wadan Zariya ya yi min sallama bayan la'asar riƙe da buhun siminti, ya ce Malam ga wani abu da yaran da ke min haƙar rami a gona suka ciro, naji ance kai ka karanci harkar nan a jami'a a Samaru. Na buɗe buhu, tukunya ce ta fashe gida biyar ko shida, an wanke ta fes da omo har da soso. Na ce Alhaji a wane zurfi aka same ta? Ya ce oho. Me ke cikinta? Ya ce ƙasa ce kawai sai wani baƙin abu kamar gawayi, yara sun zubar. Toh ramin fa? An riga an ɗora bulo. Wallahi sai da na yi shiru na ɗan lokaci, don gawayin nan da aka zubar ya fi tukunyar amfani sau goma, shi ne zai faɗi shekarunta, yanzu kuwa abin da ya rage a hannunmu tsingaro ne kawai mai kyan gani, ba uwa ba uba.

Shi yasa na ce bari in zauna in rubuta yadda ake aikin nan, don mutane da yawa sun ɗauka akiyoloji, wato ilimin binciken kayan tarihi, haƙa ne, a ɗauki diga a nemo tulun zinari. Haƙa shi ne na ƙarshe, kuma sau tari ma ba a kaiwa gare shi. Yawancin aikin tafiya ce a ƙasa da ido buɗe da littafi a hannu, kuma wannan ɓangaren ɗalibi ko malamin firamare ko manomi duk zai iya.

Fara da baki kafin ƙafa. Kar ka kuskura ka faɗa gonakin mutane da tef da kamfas ba ka gaida kowa ba, za a ɗauka awon fili kazo yi gwamnati zata ƙwace, ko kuma ma a ɗauke ka wani abu daban, ka san yanayin tsaro yanzu. Ka je wajen mai unguwa ko dagaci, ka tuɓe takalmi, ranka ya daɗe mu ɗalibai ne muna neman tarihin garin nan, ka nuna takardar makaranta ko ta inda ka fito, ka roƙi a haɗa ka da wanda ya san daji. Wannan ɗan rakiyar shi ne rabin aikinka. Sannan ka zauna da dattawa, kuma kar ka tambaye su ina kayan tarihi suke, za su ce babu. Tambaya ita ce Baba a ina kakanninku suka fara zama kafin su dawo nan, ina tsohuwar rijiya, ina aka yi marina, wane wuri ne in ana huɗa garma take cin karo da kashin maƙera, wane wuri ne ake hana yara zuwa. Sunayen wurare ma ka kasa kunne, in kaji Kufai ko Tsohon Gari ko Maƙera ko Karofi ko Unguwar Magina, toh da walakin. Ka nemi tsofaffi mata su ma, musamman masu ginin tukwane, in kai namiji ne kuma gidan kulle ne ka tafi da abokiyar karatu mace ta shiga ciki, don su ne za su kalli tsingaro su ce maka wannan bakin tulu ne wannan na tukunyar miya.

Da daddare ka buɗe Google Earth ka leƙa wurin ta sama. Tsohuwar ganuwa ko ta zube ta zama daidai da ƙasa tana fitowa kamar zobe, wani lokaci layin bishiyoyi ne ke bin ta, ka gwada da birnin Zariya ko gefen dutsen Kufena ka gani da idonka. Cincirindon bishiyar kuka a wuri ɗaya a tsakiyar daji shi ma alama ce, kuka bata cika taruwa haka kawai ba sai inda mutane suka zauna suka ci miyarta suka zubar da 'ya'yan.

Lokaci kuma, kar ka wahalar da kanka a watan Agusta, dawa ta fi ka tsawo ciyawa ta rufe komai ga macizai. Daga Disamba zuwa Maris ne lokacin, an yi girbi an kwashe kara, ƙasa a fili. Ni dai na fi son bayan ruwan farko, wajen ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, ruwa ya wanke ƙurar hunturu tsingaro ya fito yana sheƙi kan kunya, sai dai kwanakin kaɗan ne kafin a yi shuka.

Kayan aiki ba wasu masu tsada bane. Littafi mai kauri da fensir, fensir na ce ba biro ba, zan faɗa maka dalili anjima. Tef na mita 30 ko 50 da ƙarami na mita 5, kamfas, waya mai GPS da fawa bank, ledoji masu zif, maka wadda bata gogewa, ruwan sha da yawa, hula, takalmi sau ciki. Sai sanda mai tsawon mita ɗaya ka yi mata fenti ja da fari kowane santimita 10, da ɗan katako da aka yanka kamar kibiya. Kafinta zai maka duka biyun da kuɗin da bai kai na kati ba.

Toh tafiyar kanta. Ba yawo ake yi ba kowa ya bi inda ransa ke so, jeruwa ake kamar sahun sallah amma da tazara, mita 5 ko 10 tsakanin mutum da mutum gwargwadon yawanku da yadda ƙasar ke ganuwa, a ɗauki alkibla ɗaya da kamfas, misali kudu zuwa arewa, a tafi a hankali ido a ƙasa, in an kai ƙarshen gona a matsa gefe a juyo. Kafin nan kowa ya san takunsa, ka shimfiɗa tef mita 50 ka taka sau uku ka ga taku nawa kake yi, nan gaba ko ba tef zaka iya kimanta faɗin wuri. Wanda ya ga abu ya tsaya ya yi magana, kar ya ɗauka ya sa aljihu ya ci gaba. Kuma a riƙa leƙa duk inda ƙasa ta buɗe da kanta, bakin kwazazzabo, gaɓar rafi irin Kubanni, kududdufin da ake ɗibar ƙasar gini, ramin 'yan bulo, gefen sabon titi, nan zaka ga cikin ƙasa kyauta ba ka haƙa ba.

Me ake nema? Tsingaro shi ne kan gaba, don tukunya tana fashewa amma gutsattsarinta basa ruɓewa. Sai kashin maƙera, wani baƙin abu mai nauyi da ƙananan ramuka kamar ya narke ya daskare, wanda ba a saba ba sai ya ɗauka marmara ce, ka ɗaga ka ji nauyin ka duba ko akwai alamar kwarara a jikinsa. Ƙasar Zazzau cike take da shi, tun shekarun 1970 masanin akiyoloji John Sutton ya yi aiki kan wuraren narka tama a yammacin Samaru, wato inda ɗalibai ke wucewa kullum nan ma masana'antar ƙarfe ce a da. Akwai dutsen niƙa da ɗansa, akwai ramukan niƙa da aka sassaƙa a jikin fa, ka hau duwatsun Kufena ko Turunku ka lura da kyau. Akwai da'irar duwatsu da aka ɗora rumbu a kai, bakin karofi da ya cike, tudun toka na tsohon juji, tsakiya irin ta ado da duwatsun wuya, gatarin aradu wanda mutane ke cewa tsawa ce ta jefo shi alhali gatarin dutse ne da mutanen dauri suka wasa da hannunsu.

Wata dabara da nake so a nan, adon jikin tukunya yana ba da labari. In kaga an murza totuwar masara a jikin yumɓu tun yana ɗanye, toh tukunyar bata wuce shekara 500 da wani abu ba, don masara daga nahiyar Amurka tazo bayan 1492. Haka lofe na shan taba, ita ma taba daga can take. Kaga ba ka je dakin gwaji ba amma ka riga ka san wurin ba zai wuce wani zamani ba, aƙalla shimfiɗar ƙasar da abin ya fito daga ciki.

Yanzu ga inda aikin yake, rubutu. Duk wurin da aka samu a bashi suna da lamba, misali harufa uku na sunan ƙauyen da shekara da lamba, kuma wannan lambar ita zata bi komai, littafi da hoto da leda. Ka ɗauki lambobin GPS ka rubuta su a littafi da hannunka, kar ka dogara da waya kaɗai, waya tana faɗawa ruwa ana kuma sace ta a tasha. Ka sani GPS ɗin waya yana kuskuren 'yan mitoci, saboda haka ka ƙara da kwatance irin na mutane, taku 40 gabas da babbar kuka, a gonar gidan wane. Ka zagaya ka gano inda tsingaron ya fara da inda ya ƙare, ka auna tsawo da faɗi, ka zana taswira ko da bata yi kyau ba, ka sa kibiyar arewa. Hoto kuma kowanne da sandar awo a ciki da kibiya tana kallon arewa, ɗaya daga nesa da ke nuna wurin da kewayensa, ɗaya kusa. Hoton tsingaro ba ma'auni a gefensa ba a san ko faɗin tafin hannu bane ko na faranti. Da safe ko bayan la'asar hoto ya fi fitowa, rana tsaka tana shanye komai. Sannan ka rubuta abin da ke barazana ga wurin, zaizaya ce, noma ne, 'yan tifa ne, ko an fara kafa harsashin gida.

Maganar fensir. A fitarmu ta farko ni aka ba riƙon leda, na rubuta lambobi da biro a 'yan takardu na jefa cikin ledoji tare da tsingaro mai danshi na ɗaure. Bayan kwana huɗu da muka zo wankewa takardun sun zama kamar kunu, tawada ta bazu shuɗi, leda bakwai ba wanda ya san daga ina suka fito. Aikin yini biyu na mutum goma sha wani abu. Ba wanda ya zage ni, shirun da aka yi min ya fi zagi ciwo. Tun daga ranar lamba biyu nake yi, ɗaya da maka a bayan leda, ɗaya da fensir a cikin wata 'yar leda daban a ciki, kuma in kayan da danshi bana rufe baki sai sun sha iska.

Shin a kwashe abin da aka gani? In ba ƙarƙashin wani aiki mai izini kake ba, ka ɗau hoto ka bar shi inda yake. Masu izini ma basa kwashe duka, samfuri ake ɗauka, bakin tukunya da gindi da mai ado, don su ne ke nuna siffa.

Haƙa kuwa, a nan doka ta shigo. Dokar da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa a 1979 ta hana haƙar neman kayan tarihi sai da izinin hukumar, ta hana saye da sayar da su sai ta hannun wanda aka amince wa, fitar da su waje ma sai da takarda. Kuma dalilin a fili yake, haƙa rushewa ce, ramin da ka tona ba zai koma yadda yake ba har abada, in baka rubuta ba shikenan ya tafi. Amma bari in faɗi yadda ake yi don in ka samu shiga tawaga kar ka zama baƙo.

Ana fara da ɗan rami na gwaji, mita 1 da 1 ko 2 da 2. A kafa ƙusoshi inci shida a ja igiya, kuma don kusurwa ta miƙe sai a yi lissafin da magina ke yi, 3 da 4 da 5, ko a auna daga kusurwa zuwa kusurwa, ramin mita 1 ya ba da mita 1.41, na mita 2 ya ba da 2.83. A zaɓi wuri ɗaya tsayayye da za a riƙa auna zurfi daga gare shi har a gama. Sai a fara kankare ƙasa da cokalin magini, kankara na ce ba sara ba, santimita 10 a kowane zubi, ko kuma a bi launin ƙasa in ya canza a tsaya a buɗe sabon shafi da sabuwar leda. Duk ƙasar da ta fito a kwanon sarki sai ta bi ta rariya, a nan ake tsintar tsakiya da ƙashin kifi da ƙwayar hatsi da ta ƙone. In abu ya ɓullo kar ka ja shi kamar rogo, ka share gefensa da burushi har ya zauna a fili, a auna, a zana, a ɗau hoto, sannan a ɗaga. Bangon ramin a bar shi a miƙe kamar an yanka da wuƙa don a jikinsa ake karanta shimfiɗun ƙasa, na ƙasa ya riga na sama, sai dai fa gara da gafiya da wanda ya taɓa haƙa rami a wurin shekara ɗari da suka wuce duk suna iya cakuɗa lissafin, shi yasa ake son ido mai haƙuri. Ana ci gaba har a kai ƙasar da ba alamar ɗan Adam, a zana bango, sannan a mayar da ƙasa a cike ramin, kar saniyar wani ta karye a ciki gobe a hana na bayanku shiga garin.

Gawayi in an same shi a cikin shimfiɗa mai kyau, da bakin cokali ake ɗauka a naɗe a takardar alminiyom, ba a taɓawa da hannu, ba a shan sigari a kai. Da shi ake gwajin kabon 14, wanda masanin kimiyya Ba'amurke Willard Libby ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1940. Duk abu mai rai yana ɗauke da wannan sinadari, in ya mutu sai ya fara raguwa, rabinsa na tafiya a cikin shekara 5,730, da haka ake lissafa shekarun abu har wajen 50,000. Ka tuna gawayin Alhaji da yara suka zubar.

Toh in kai ba mai bincike bane, kawai kana haƙa rijiya ko harsashi ka ci karo da abu fa? Ka tsayar da aiki a wannan gefen. Kar ka ciro, kar ka wanke, kar ka zubar da abin da ke ciki. Ka ɗau hoto yana inda yake, ka aza biro ko takalmi a gefe don a gane girma, ka auna zurfin ko da da sanda ne, ka rufe da buhu ka zuba ƙasa mai laushi. Doka ta ce a sanar cikin kwana 7, ka gaya wa mai unguwa, a kai magana ƙaramar hukuma da gidan tarihi na Kaduna, ko ka shiga Samaru sashen akiyoloji na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ka nuna musu hoton. In ƙasusuwan mutum ne a rufe da mutunci a kira manya, ba abin ɗorawa a Facebook bane. Kwalekwalen Dufuna da ke jihar Yobe ai haka aka same shi, wani Bafulatani makiyayi na haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da itace wajen zurfin mita 5, bai faskara ya yi makamashi ba ya kai magana gaba, sai ga shi jirgin ruwa ne mai tsawon fiye da mita 8 da ya kai shekara 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. Ka kwatanta da ƙasar Nok a kudancin jiharmu ta Kaduna, inda masu haƙar sata suka yi wa wurare kaca-kaca a shekarun 1990 suna sayar da kawunan yumɓu ga dillalai, har da masu binciken jami'ar Frankfurt ta Jamus suka fara aiki a 2005 da ƙyar suke samun wurin da ba a riga an birkita ba. Gumakan suna can a ɗakunan masu kuɗi a Turai, ba wanda zai iya cewa daga wane rami suka fito.

Sai ganuwar Zariya, don ita kullum muna ganinta muna wucewa. Ka bi daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Kibo ko ta wajen Ƙofar Gayan da Kuyambana ka ga yadda ake cinta, nan an ɗebi ƙasa an yi bulo, can an yanka an shigar da gida, can kuma bola. Abin da matasan unguwa za su iya ba tare da jiran kowa ba shi ne su raba ta gida-gida, kowane mita 50 a tsaya a ɗau GPS da hoto da sandar awo, a rubuta tsayinta da faɗinta da abin da ke damunta, a maimaita duk shekara a wata ɗaya daga wuri ɗaya. In kun je gaban hakimi ko fada da hoton bara da na bana a jere, maganarku ta fi ta mai cewa ana lalata ganuwa kawai nauyi.

Tsohon ginin ƙasa kuma, soro ko zaure na gado, dan Allah a daina shafa masa siminti da sunan gyara. Siminti yana kulle danshi a ciki, ƙasar ta jiƙe ta rabu da shi, wata rana ya ɓallo da rabin bangon. Ginin ƙasa da ƙasa ake gyara shi, yaɓe kafin damina, makuba in an samu mai yi, a gyara indararo ruwa ya faɗi nesa da gindin bango, a duba azara ko gara ta shiga. Magina na gado har yanzu akwai su a cikin birni, garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a a shekarun 1830 ba a rasa wanda ya san tubali ba, a neme su a biya su da kyau, kuma kafin su sa hannu a ɗau hoton kowane bango.

Tukunyar Alhaji dai tana nan a kwali a ɗakina, na sa mata lamba, na rubuta sunan gonar da ranar da aka kawo ta, wajen zurfi na ja layi na bar shi fanko. Ranar Asabar zamu je da shi ya nuna min inda yaran suka watsar da ƙasar ramin, zan tafi da rariya.